Yawu da Auduga

Wata tara ke nan da aka rufe zauren.
An sauke hotuna goma sha ɗaya daga bango,
kowanne ya bar farin gurbi
kamar bakin yaro mai famfara.
Can sama Gualtiero da yaransa na sauya katakon rufi,
suna zagin ruwan sama, suna zagin magajin gari,
suna cin burodi da cuku a kan tsani.

Ni ina ƙasa, a ɗakin da ba taga,
ni da tsohuwa Ottavia
da allon katako mai shekara ɗari biyar
kwance bisa tebur kamar majinyaci.

Mace ce a bakin rijiya, riƙe da tulu.
Ba wanda ya san sunan mai zanen.
Littafin coci dai ya ce an sallame shi
da buhun alkama bakwai da man zaitun,
an kuma rage masa ɗaya saboda jinkiri.

Hayaƙin kyandir ya mai da sama ruwan ƙasa.
Ƙwaro ya yi unguwanni a cikin katakon.
Ottavia ta naɗa auduga a tsinke,
ta jiƙa da yawunta, ta murza a hankali.
"Duk kwalaben nan da ka gani," in ji ta,
"babu mai ladabin yawu."
Daga safe zuwa la'asar
muka share wuri kamar faɗin farce.
Shuɗi ya leƙo.
Na manta ban ci abinci ba.

Da gwaiduwar ƙwai ya dama launinsa.
Wata kaza ta yi kuka a wannan gari
tun kafin kakannin kakannina,
ga ƙwanta har yau a kumatun matar.

A mako na sha huɗu na'ura ta tona asiri:
ƙarƙashin ciyawar da ke gefen rijiya
akwai kare.
Wani mai gyara, shekara ɗari uku baya,
ya ga kare bai dace da wurin ibada ba,
ya shuka masa ciyawa a ka.

Shugaban gidan ya sauko da gudu, taye a kafaɗa:
"A fito da shi! Jaridu za su zo!"
Ottavia ba ta ɗago ba.
"Mai ciyawar nan shi ma ya yi sammako,
shi ma ya wanke buroshi da daddare.
In na kankare shi, wa zai kankare ni?"
Kwana uku ba su gaisa ba.

Ranar Alhamis ta ɗauki wuƙar,
na ga bakinta na rawa a iska.
Ta daɗe tana kallon hannunta
kamar baƙon da ya shigo ba sallama.
Sai ta miƙo mini.
"Ido ɗaya kawai, Ermete. Sauran ka bar masa ciyawarsa."

Inda fenti ya zube tun tuni
ta koya mini cikewa da siraran layuka,
tsaye, kusa da juna, kamar yayyafi.
Daga nesa ka ga riga cikakkiya,
ka matso ka ga ɗinkin.
"Kada ka yi wa wanda ya matso ƙarya."

An buɗe zauren cikin bazara.
Rufi ya daina zuba, bango na warin farar ƙasa.
Magajin gari ya yi jawabi mai tsawo.
Ottavia ba ta zo ba,
wai tumatirinta na bukatar sanda.

Na tsaya bayan wata yarinya mai jan takalmi.
Ta ja rigar ubanta, ta nuna ciyawar.
Uban na duba waya.
Ta durƙusa ita kaɗai,
ta karkata kai,
ta yi 'yar fito, can ƙasa ƙasa.